Ajin da Babu Kujerar Baya

Zuwa ga Gwaggo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya kamar yadda muke nan lafiya. Baba yana gaishe ki, ya ce ki yi haƙuri da rashin kira, wayar ce ta faɗa cikin bokitin wanki, tana wurin mai gyara. Mama tana gaishe ki, ƙafarta ta yi sauƙi. Matar Yaya ta yi nauyi sosai, ko takalmi sai an sa mata. Sauran duk suna nan ƙalau, sai Auta da ya yi mura ya raba wa kowa.

Rigar sanyin da kika aiko ta iso, na gode, Allah ya saka da alheri. Ni kika aiko wa, amma ƙanwata Aku ce ta fara sawa, wai tana gwada mini ne. Har yanzu ba ta gama gwadawar ba. Surutunta yana nan yadda kika bar shi, ko barci take sai ta yi magana.

Na shiga sakandare. Ajinmu mun fi ɗari, shi ya sa aka raba mu, wasu da safe wasu da rana. Mu 'yan rana ne. 'Yan safe suna fita muna shiga, har bencin ma da ɗuminsa muke samu. Mu huɗu ne a benci ɗaya. Wurina yana can baya, jikin ginshiƙi. Gwaggo, tun daga aji ɗaya na firamare har yau, babu malamin da ya taɓa nuna ni ya yi mini tambaya.

Akwai abin da nake so in tambaye ki. Rannan Baba yana ɗinki a shago da rediyonsa a kunne, sai aka ce haihuwa tana raguwa a duniya. Jim kaɗan kuma aka ce mutanen duniya suna ta ƙaruwa. Baba ya tsayar da keke ya ce, "Malam, zaɓi ɗaya mana! Ni dai kayan makarantar da nake ɗinkawa ba su ragu ba." Mama ta leƙo ta ce duk wanda ya ce haihuwa ta ragu ya zo gidan nan da safe ya bi layin banɗaki. Matar Yaya ta ce ita kam biyu sun ishe ta. Mama ta ce, "Nima haka na ce," sannan ta juyo ta dube mu, mu tara. Kowa ya yi ta dariya.

Ni ban gane maganar ba, kuma na kasa tambaya. Yaya za a yi abu ya ragu kuma ya ƙaru? Ke da kike aiki a makaranta, ko kin sani?

Ki yi haƙuri da rubutuna, a gefen teburin guga nake yi, ana ta bangaje ni.

Taki,
'yar ƙanenki

*

Uwata ta kaina,

Wa alaikumus salam. Kin san bakina ba ya iya kama sunanki tunda sunan mahaifiyarmu kika ci, sai ki yi haƙuri da tsohuwar 'yarki. Ina nan lafiya, sai gwiwa da take tuna mini shekaruna duk lokacin da na hau matakala. Ki gaida ƙanena, ki ce masa wayar gajiya ta yi da hannuwan gidanku ta faɗa ruwa ta huta. Ki gaida mamanki da mai ciki da sauran runduna.

Ni mai dafa wa 'yan makaranta abinci ce, don haka da tukunya zan ba ki amsa. In kika rage wuta, tukunya ba ta daina tafasa nan take. Mamanki ta haifi tara. Ko da biyu-biyu kowannenku ya haifa, gidan ƙaruwa zai yi, don masu haihuwar ne da yawa. Ga mu nan kuma tsofaffi mun ƙi tafiya, asibiti yana ta yi mana faci. Mai rediyo bai yi ƙarya ba. Ku kuna inda tukunya take tafasa, ni ina inda ta riga ta huce.

Da na fara aiki a nan, da manyan tukwane biyu nake girki, sai mun kama da wata muke saukewa. Yanzu suna can saman kanta, gizo-gizo ya yi gida a ciki. Matasa duk sun tafi birni. Shagon da ake sayar da kayan jarirai a layinmu yanzu sanda da tabarau yake sayarwa. Ɗana ma da matarsa suna birni a ɗaki ɗaya, su fita da safe su dawo da yamma. Na yi musu maganar jika, suka aiko mini hoton kyanwa.

To ga maganar da ta sa na zauna rubutu. Sashen sakandare na makarantarmu yara tara ne kacal. Doka ta ce in sabon zango ya zo ba su kai goma ba, rufewa za a yi, a riƙa kwasar su a mota zuwa wani gari mai nisa. In aka rufe, ɗakin girkina ma ya tafi, don 'yan firamare ba su kai a ɗaukar musu mai dafa abinci ba.

Sai ga wasiƙarki. Wallahi da na zo wurin da kika ce ba malamin da ya taɓa yi miki tambaya, sai da na ajiye takardar na share ido. Yarinya mai kai irin naki a manta da ita bayan ginshiƙi! Ki zo wurina, uwata. Ɗakin ɗana yana nan babu kowa, gado naki ke kaɗai. 'Yan ajinku huɗu ne, ke ce ta biyar. Malamar nan kuwa, sai ta yi miki tambaya goma kafin a tashi tara. Za a ji muryarki kullum, har ki gaji.

Ki nuna wa babanki wannan, ku yi shawara.

Gwaggonki

*

Uwata,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan lafiya ce ta sa shiru. Kullum in na dawo aiki sai na leƙa akwatin wasiƙu, har mai kawo wasiƙa ya fara sunkuyar da kai in ya hango ni. Na kira wayar babanki, har yanzu a kashe.

Ko mamanki ce ta ji haushi? In haka ne ki ba ta haƙuri. Na san ba daɗi a ce wa uwa ta ba da 'yarta don a cika lissafi. Ba haka nake nufi ba, ko da yake haka ya fito.

Ga kuma wautar da na yi. Bakina ya riga hankalina, na faɗa wa maƙwabciyata cewa wataƙila 'yar ƙanena za ta zo. Kin san garin da ba yara, labarin yaro ya fi gobara gudu. Tsohon kafintan layinmu ya je makaranta ya ɗauko kujera ya goge ta ya shafa mata mai. Maƙwabciyar ta fara saƙa safa ba ta ma san girman ƙafarki ba. Mai burodi yana tambaya ko kina son mai zaƙi. Ni kuma sai in ce musu ana shawara.

Ko a'a ce, ki rubuto mini. A'a ba ta kisa, shirun ne yake hana ni cin abinci.

Gwaggonki

*

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Don Allah ki yafe mini. Kowa lafiya, kuma Mama ba ta yi fushi ba ko kaɗan. Albishirinki, matar Yaya ta sauka, an samu mace! Uwa da 'ya suna lafiya. Jaririyar tana da gashi sosai da hancin Baba. Baba ya ce Allah ya sa ta yafe masa.

Shi ya sa na yi shiru. Teburin gugar da nake rubutu a kai ya koma wurin ajiye baho da tawul da kwalaben ruwan zafi. Ni ce mai wanki da miƙa abu, ko makaranta ban je ba kwanakin nan. Amma ba wannan kaɗai ba ne. Na fara rubuto miki sau da yawa ina yagewa.

Gwaggo, ba ki fahimce ni ba. Da na ce ba a taɓa yi mini tambaya ba, ba ƙorafi nake yi ba. Daɗi nake ji. Ni na zaɓi wurin nan na jikin ginshiƙi, da gudu na shiga ranar farko don kada a riga ni. In malami ya yi tambaya na san amsa, sai in rubuta a gefen littafi in tura wa ta kusa da ni, ita ta ɗaga hannu. Ita ta samu tafi, ni na samu lafiya. Da na karanta cewa malamarku za ta yi mini tambaya goma, sai da na kife wasiƙar don tsoro. Ko wurin mai shago in aka aike ni, sai na yi ta maimaita abin da zan ce tun daga gida, in na isa kuma in nuna da yatsa.

Na ba Baba wasiƙarki ya karanta. Aku ta yi tsalle ta ce ita za ta je, ta ma fara haɗa kaya. Baba ya ce ta zauna, 'yar sakandare ake nema, ita ko firamare ba ta gama ba. Yayyena kuwa duk sun wuce sakandare ko suna koyon sana'a. Ni kaɗai ce na dace.

Sai Baba ya ce shi ba ya aika yaro kamar ƙunshin kaya. Kin san dokarsa. A gidanmu duk mai son babban abu sai ya faɗa da bakinsa a wurin cin abincin yamma, kowa yana zaune yana ji. Haka Yaya ya yi da zai bar ɗinki ya koyi gyaran lantarki, haka ya yi da zai yi aure. Baba ya ce in ina so in faɗa a can, in ba na so kuma ba wanda zai sake tayar da zancen. Har yau ban faɗa ba.

Ba na so a rufe miki ɗakin girki. Ina tunanin tsohon nan da kujerarsa, kunya duk ta ishe ni. Amma nan ma ina jin daɗi, Gwaggo. Mu uku muke kwana a katifa ɗaya, ban taɓa kwana ni kaɗai ba. Ina son hayaniyar gidanmu, don a cikinta ba a lura da wanda bai yi magana ba.

Tambaya ɗaya. In na zo, za a bar ni in zauna a kujerar baya?

Taki,
'yar ƙanenki

*

Uwata ta kaina,

Barka, barka! Allah ya raya, ya ba mai jego lafiya. Ki sumbaci hancin nan a madadina, hancin gidanmu ne, ba a raina shi.

Na karanta wasiƙarki na yi dariya, sannan na ji kunya. Ashe ina ta yi miki talla da abin da ya fi ba ki tsoro. Kamar wanda ya ga kifi a ruwa ya ce wayyo zai nutse, bari in tsamo shi.

Maganar kujerar baya kuwa, ba zan yi miki ƙarya ba. Ajin ba shi da baya. Teburi ɗaya ne, kowa ya zagaye shi, malama ma a nan take zama. Ginshiƙin da muke da shi yana tsakar fili, an ɗaura masa tuta. Na tambayi malama ko za ta ƙyale ki, ta ce za ta ba ki lokaci ki saba, amma ba za ta yi alkawarin mantawa da ke ba, don ba ta iya ba.

Bari in ƙara miki da wani, don ki san abin da za ki shiga. A nan in yaro bai zo makaranta ba, kafin rana ta take duk gari ya sani. Malama za ta kira gida. Ni zan zuba abincinsa a kwano in kai masa. Tsofaffin da suke zama bakin titi don su ga wucewar 'yan makaranta za su tare ni suna tambaya, "Ina mai jar jaka yau?" Akwai wata 'yar ajinku da ta ce abin yana ishe ta, ko atishawa ta yi sai an kawo mata magani kala uku. Ba wurin ɓuya ba ne, uwata. Gaskiyar ke nan.

Kada ki zo don tukunyata. Gidan tsofaffi na garin nan suna neman mai girki tun bara, su kam kullum ƙaruwa suke. In aka rufe makaranta can zan koma, sai dai in rage gishiri in ƙara dahuwa. Zan yi kewar yaran, amma ba zan kwana da yunwa ba. Kujerar kafinta kuma ni zan zauna a kai, gwiwata ta daɗe tana nema.

Dokar babanki tana da kyau. A wurin mahaifinmu ya gada, nima da bakina na faɗa ranar da zan taho nan. In kin faɗa, ina murna. In ba ki faɗa ba, ki ci gaba da rubuto mini, wasiƙunki sun fi rediyo.

Gwaggonki

*

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina fatan gwiwa ta yi sauƙi. Mu duk lafiya. Jaririya ta fara bin mutum da ido. Wayar Baba ta dawo, amma na roƙe shi kada ya kira ki sai wasiƙar nan ta iso, ina so ki ji daga wurina.

Na koma makaranta bayan hidimar jego. A hanya ina ta shirya abin da zan ce in malami ya tambaye ni dalilin rashin zuwana. Na shiga na tarar 'yan bencinmu sun baje, sun ci wurina. Suka matsa na zauna. Ta kusa da ni ta ce, "Ara mini biro." Shi ke nan. Ba wanda ya ce ina kika shiga, har malamin. Ashe ba su ma san ba na nan ba.

Ai abin da nake so ke nan, ko? Amma wannan karon bai yi mini daɗi ba. Ina zaune jikin ginshiƙina ina tuna tsofaffinku masu tambayar mai jar jaka. Har aka tashi ban rubuta komai ba.

Da na dawo gida na rubuta a 'yar takarda cewa ina so in je, na sa a ƙarƙashin almakashin Baba. Washegari na tsince ta a aljihun rigar makarantata, an goge rigar, an ninke takardar da kyau. Da na wuce ta shago bai ko ɗago kai ba ya ce, "Uwata, takarda ba ta cin abinci da mu."

Da yamma aka zauna. Aku tana ba da labarin faɗan da aka yi a famfo, Auta yana kuka an ɗaukar masa cokali, Yaya yana musu da mai bi masa a kan ƙwallo. Na ce, "Baba." Ni kaina ban ji ba. Na sake cewa. Matar Yaya ce a gefena da jaririya a cinya, ita ta ji. Sai ta ɗauki cokali ta ƙwanƙwasa faranti da ƙarfi. Kowa ya yi tsit, har Auta. Ban taɓa jin gidanmu haka ba. Idanu duk suka dawo kaina.

Aku ta ce, "Cewa za ta yi tana so..."

Baba ya ce, "Aku, kada ki ari bakinta ki ci mata albasa."

Na kalli shinkafar gabana na ce, "Baba, ina so in je wurin Gwaggo in yi karatu."

Ya sa hannu a bayan kunne ya ce, "Na'am? Keken ɗinki ya kashe mini kunne, uwata."

Gwaggo, ban san inda muryar ta fito ba. Na faɗa da ƙarfi har jaririya ta firgita. Sai muka ji maƙwabcinmu ta bayan katanga ya ce, "To, mu dai mun ji!" Gida ya kaure da dariya. Yaya ya ce ashe shekara da shekaru da lasifika muke kwana ba mu sani ba. Auta ya tambaya ko shi zai gaji filona. Mama tana share ido ta ce yaji ne ya yi yawa, alhali ita ta yi miyar kuma ba yaji. Daga baya muna wanke-wanke ta ce mini, "Ku tara ne, amma kowa da gurbinsa. Ki riƙa cin abinci sosai."

Baba ya ce ya amince. Ya riga ya auna ni, zai ɗinka mini kayan makaranta da hannunsa, sai ki aiko da kalar. Ina busar da faranti ne na lura cewa mutanen da na yi magana a gabansu sun ninka 'yan ajinku har da malama. Ba wai tsoron ya tafi ba ne. Yana nan. Amma ya ɗan matsa ya ba ni wuri.

Ki gaida tsohon kafinta, ki ce na gode. Ki ce wa maƙwabciyarki ƙafata ba ta da girma. Burodi kuma ina son mai zaƙi. Sannan don Allah daren farko ki bar ni in kwana a ɗakinki, ko a ƙasa ne.

Yaya zai sa ni a mota kafin sabon zango. Ki zo tasha ki tare ni. In na sauka ban gan ki ba, zan ɗaga murya in kira ki. Kada ki yi saurin amsawa, Gwaggo. Ki bari sai na kira sau biyu, ina so in fara sabawa.

Taki,
uwarki ƙarama